Sau Ɗaya Aka Tambaye Ni

Juma'a, 30 ga Agusta

Yau na bar otal. Shekara goma sha ɗaya ina rarrafe cikin silin ina bin wayar wuta, ga shi an sallame ni da kek guda da tafi. Wannan littafin ma na rubuta lambobin mita ne, na sako shi a jaka, ba mai nemansa. Ranar Talata zan fara da kamfanin da ke gina barikin soja a arewacin tsibiri. Albashinsu ya kusa ninka na otal. Kowa sai taya ni murna yake.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kafin in fita sai da na biya ofishin ma'aikata. Da Tan Ebing ce a kujerar nan, tsohuwar da ta san kakannin kowa a tsibirinmu na Guam, amma ta yi ritaya a watan Yuni. Yanzu wata yarinya ce baƙuwa, 'yar Ohayo, Madam Holbruk. Ba ta da laifi, tana da fara'a, sai dai komai nata da sauri. Ta ce inshorar lafiyata da ta 'yata Pulan za ta ƙare gobe, ta sabon kamfani kuma ba za ta fara ba sai farkon Disamba. Wai ko ina so in ci gaba da ta otal a tsakanin, ina biya daga aljihuna?

Na ce, "A'a, ba komai, kada in ɗora miki wahala."

Na faɗa ne kamar yadda ake faɗa. Na gyara zama ina jira ta sake tambaya. Sai kawai ta ce to, ta juyo takarda, ta nuna mini inda zan sa hannu da bakin biro. Yaya zan yi? In ce mata kara nake yi? Na sa hannu. Ta ba ni kwafi, na cusa a aljihun mota.

Wata uku ne. Aikin zuciyar Pulan sai Janairu. Na lissafa tun kafin in karɓi aikin nan, ba hauka na yi ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Na mayar da Pulan wurin uwarta a Yona. Duk hanya tana ba ni labarin wata kaza da ta sa wa suna Gwamna. Shekararta takwas, amma in ta zauna a gaban mota sai ka rantse shida ce. Hujin da aka haife ta da shi a zuciya ne ya hana ta girma. A tsibirin nan ba a irin aikin, sai Manila, kuma inshora ce za ta biya asibiti da jirgi.

Benita na bakin ƙofa. Shekara uku da rabuwarmu, har yanzu in ta gan ni sai ta fara duban takalmina. Ta ce, "Inas, katin nan da ke jakata zai ci gaba da aiki da ka canja wuri?"

Na ce an shirya komai.

Abu biyu alƙali ya ɗora mini ranar da aka raba mu: kuɗin ciyar da Pulan da ake cira daga albashina, da ajiye ta a kan inshorata. Ban taɓa saɓa ko ɗaya ba. Tun ƙarfe sha biyun daren jiya katin nan ya zama roba kawai, kuma ni kaɗai na sani.

Talata, 3 ga Satumba

Sabon aiki. Rana, ƙura, hular kwano mai matse kai. Ba esi, ba ragowar abincin baƙi. Na riƙe.

Juma'a, 13 ga Satumba

Albashin farko. Na duba takardar sau biyu, ba a cire kuɗin Pulan ba. A otal ban taɓa ganin kuɗin nan da idona ba, su ke cirewa su aika ofishin kula da kuɗin yara, ofishin ya tura wa Benita. Na ɗauka abin zai bi ni da kansa. Ashe sai na je na gaya musu inda na koma.

In na je za su tambayi inshora. Don haka ban je ba. Na sa kuɗin a ambulan na kai wa Benita hannu da hannu.

Ta juya shi ta ce, "Wannan fa? Biki ake yi?"

Na ce kamfani ba su gama shigar da takardu ba. Ta ce ita ba ta son kuɗin hannu, ofis ba ya ƙirga shi. Na ce ta karɓa kawai, ai ni da ita mun sani. Ta karɓa, amma ta rubuta kwanan wata a bayan ambulan a gabana.

Lahadi, 15 ga Satumba

Abokina Manet ya kawo wa Nana, mahaifiyata, kifi. Shi ya riƙe Pulan ranar baftisma, tun daga nan ba mai kiran sunan wani, Pari kawai muke ce wa juna. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Pari, kai da ka samu aikin manya kake ramewa? Ko sojoji na cinye maka abincin rana?"

Nana ta ce daga kicin, "Bar shi, tun yana yaro in abu ya dame shi sai ya bushe kamar kwakwar bara."

Manet ya ja ni gefe ya ce akwai matsala ne? Na ce babu. Ya sake tambaya, na ce babu. Yana buɗe baki zai yi ta uku wayarsa ta yi ƙara. Da ya yi ta ukun nan da na faɗa masa, Allah na gani.

Asabar, 21 ga Satumba

Kwana ashirin da ɗaya sun wuce lafiya. Saura saba'in. Na hana Pulan hawa keke, na ce tayar ce ba iska.

Asabar, 28 ga Satumba



Yau bikin waliyyin garinmu. An yi zagayen coci, aka dawo gida, rumfa ta cika, jar shinkafa da gasassun haƙarƙari da kelaguwen ɗin Nana, wato kwaɗon kaza da kwakwa. Benita ta bar mini Pulan tun safe. Pulan ta bi zagayen da ƙafarta, ta ƙi a ɗauke ta. A tsakiyar hanya na ga tana jan numfashi, na ce, "Kin gaji?" Ta ce, "A'a Tata, lafiya lau." Na yarda, na juya ina gaisawa da mutane.

Wajen ƙarfe biyu tana riƙe da faranti a layin abinci, sai ji na yi farantin ya faɗi. Kafin in juyo tana ƙasa. Leɓenta shuɗi. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Manet ne ya tuƙa, ni ina baya ina kiran sunanta kamar mahaukaci. Ta buɗe ido wajen gadar Ilig ta ce, "Tata, na zubar da shinkafar."

Benita ta riga mu isa asibiti. Aka shiga da yarinya. Ma'aikaciyar teburin karɓa ta ce katin inshora. Benita ta zaro shi ta miƙa. Ina tsaye a bayanta, gumi na bin bayana har cikin wando. Matar ta ɗauki hotonsa gaba da baya, ta mayar mata, ta ce mu zauna. Asabar ce, ba su duba ba.

'Yata na ciki da robar iska a hanci, ni kuwa ina waje ina godiya da ba a kama ni ba. Wannan shi ne mutumin da na zama.

Litinin, 30 ga Satumba

An sallame ta. An ce mu ga likitan zuciya ranar Laraba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Likita ya daɗe yana kallon hoton zuciyar. Sannan ya cire tabarau ya ce Janairu ta yi nisa. Ya yi magana da Manila, sun ba da ranar shida ga Nuwamba. Abin da ya rage shi ne takardar amincewar inshora, ofishinsa zai aika musu.

Benita ta riƙe hannun Pulan ta ce, "Mun gode Allah da akwai inshora." Ta juyo ta dube ni, irin duban da ta daɗe ba ta yi mini ba. Ta ce, "Wannan kam ka yi ƙoƙari, Inas."

Na fita na shiga ban ɗaki na yi amai.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Shida ga Nuwamba. Ɗaya ga Disamba. Kwana ashirin da biyar ne tsakaninsu, na ƙirga a yatsa ya fi sau goma ko zai ragu.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na je ofishin sabon kamfani. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ƙa'idarsu ce, ko ɗan manaja ne sai ya cika kwanakinsa. Na kira Manila na tambayi kuɗin aikin in mutum zai biya da kansa. Ba zan rubuta adadin a nan ba. In na sayar da motata da filin da na gada daga mahaifina, ban kai rabi ba.

Da rana na kai hannu kan waya ban duba ko an kashe layin ba. Ni, mai shekara goma sha biyar a aikin wuta! Allah ya sa safar roba na hannuna. Shugaban aiki ya ce in je in zauna a inuwa. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ta sani.

Na dawo daga aiki na tarar da motar Benita a ƙofar gidan Nana. Ba ta taɓa shigowa gidan nan ba tun rabuwarmu. Tana zaune a kicin da takarda a gabanta, Nana na tsaye da ludayi. Wasiƙa ce daga ofishin kuɗin yara: tun Agusta ba abin da ya shigo, kuma otal ya sanar da su na bar aiki, inshorar yarinya ta ƙare. Da safe kuma ofishin likita sun kira ta, sun ce kamfanin inshora bai san da Pulan ba.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi.

"Tun yaushe?"

Na ce tun ƙarshen Agusta.

"Ranar da na miƙa katin nan a asibiti, kana bayana, ka sani?"

Na ce na sani.

"Ba su ba ka damar ci gaba da biya ba? Kowa ana ba shi."

Na ce an ba ni. Na gaya mata yadda aka yi. Na ce sau ɗaya aka tambaye ni.

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Sau ɗaya aka tambaye ka. Inas, farantin shinkafa ta miƙo maka? Zuciyar 'yarka ce! Ka yi kara da abincinka, ka yi kara da albashinka, wa ya ba ka izinin yin kara da ran 'yata?"

Ta ce ranar Litinin za ta ga lauya. Ta ce ko alƙali ya ɗaure ni ba zai toshe hujin ba, amma aƙalla za ta huce. Da za ta fita ta sunkuya ta kai hannun Nana hancinta, gaisuwar manya a wurinmu, ta yi sallama kamar yadda ya kamata. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Nana ba ta yi mini magana ba sai da rana. Tana kankare kwakwa ta ce, "Ni na koya maka. In an miƙo maka abu ka ce ka ƙoshi, kada a ce ɗana mayunwaci ne. Na sha tsunkulinka a gidajen mutane a kan haka." Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "Amma ban ce ka yi wa takardar Bature ba, sakarai."

Ta ce gobe bayan coci in tsaya in ga Tan Ebing.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tan Ebing na zaune a inuwar coci da mafici. Na kai hannunta hancina, ta sa mini albarka, ta ce, "Uwarka ta kira ni. Ina takardar?"

Na je mota na zaro ta. Ta yamutse, har da tabon kofi. Ta sa tabarau, ta juya bayanta. Ni ban ma san akwai rubutu a baya ba.

"Shekara talatin ina kujerar nan," in ji ta. "Duk wanda na tambaya a'a yake cewa. Sai in sake, sai in kuma sakewa, in ya ƙi sai in kira matarsa. Yarinyar nan ina za ta san wannan? A garinsu in mutum ya ce a'a, a'a yake nufi." Ta dangwala yatsa a wani layi. "Ka ga nan? Kwana sittin suka ba ka. In ka koma kafin talatin ga wata ka ce ka fasa, za su mayar da ita, daga ranar da ka fasa. Abin da ya wuce ya wuce, kuɗin asibitin ranar biki a wuyanka yake. Kuma sai ka biya kafin katin ya tashi."

Na ce ko za ta kira mini Madam Holbruk ta yi mata bayani?

Ta buga mini mafici a kafaɗa. "Da bakinka ka ƙi, da bakinka za ka roƙa. Tafi ka ba ni wuri."

Na aika wa Benita saƙo. Ta karanta ba ta amsa ba, ban san ko za ta je wurin lauyan gobe ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na nemi izinin awa biyu, na je otal. Na ajiye mota. Ta gilashi na hango yaran sashenmu suna shan taba a ƙofar baya, waɗanda suka yi mini tafi. Zan wuce ta gabansu da hular kwano a hannu in je in roƙi abin da na ce ba na so. Minti arba'in ina zaune. Na kunna mota na koma aiki.

Gobe.

Talata, 15 ga Oktoba

Ban je ba. Aiki ya yi yawa. (Ƙarya ne.)

Laraba, 16 ga Oktoba

Na je Yona ganin Pulan. Benita ta bar ni na shiga, ta tsaya a ƙofar ɗaki hannu a harɗe. An hana yarinyar makaranta. Tana kwance da matasai uku a bayanta tana zana Gwamna, kazar nan tata. Daga gado zuwa ban ɗaki ta je ta dawo, na ga ƙirjinta na ɗagawa kamar ta yi tsere.

Na ce, "Akwai inda ke miki ciwo?"

"Babu, Tata."

Na ce to madalla, na miƙe zan gyara mata fanka. Sai Benita ta ce daga ƙofa, "Sake tambayarta."

Na sake. Pulan ta ce babu, tana kallon takardarta.

"Sake."

Na durƙusa na ce, "Pulan, gaya mini." Sai idonta ya cika. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ce nan, tun jiya, kamar an zauna mata a kai. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce ba ta so ta dame mu.

Benita ta ce, "Haka take yi wa likita ma. Sai an yi mata uku. Ranar biki sau nawa ka tambaye ta ko ta gaji?"

Sau ɗaya.

Na fito na zauna a mota. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. A Manila ba wanda zai tambaye ta sau uku. Za su ce yana ciwo, ta ce a'a, su rubuta a'a su wuce gado na gaba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ƙarfe takwas ina ƙofar ofishin ma'aikata. Yaran suna nan, ɗaya ya ce, "Oga Inas, sojojin sun koro ka ne?" Na ce eh, na wuce.

Na ajiye takardar a gaban Madam Holbruk na ce na fasa, ina so. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Na gaya mata komai, har da Manila. Fuskarta ta yi ja. Ta ce me ya sa ban faɗa ba tun ranar? Ta ce har wasiƙa ta aiko mini a Satumba. Gaskiyarta, tana can akwatin gidan waya, ban buɗe shi ba tun da na fara gudun takardu.

Na ce a wurinmu ba a karɓa a tayin farko.  Sai ta ce mutum nawa ne suka ce mata a'a tun Yuni? Ta jawo wani fayil ta fara dubawa, ta manta ina zaune.

Minti goma aka yi aka gama. Minti goma! Na sa hannu, an mayar da Pulan daga yau. Saura biya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Kuɗin inshora, kuɗin asibitin ranar biki, masauki a Manila, ga albashin da zan rasa in na bi su. Abin da ke hannuna ya biya na farkon kawai, na je na biya shi da safe.

Manet ya zo ya ce gobe za su kafa rumfa a bakin titi, a gasa kaza a sayar da faranti, a rataya hoton Pulan. Na sha sayen irin farantin nan don 'ya'yan wasu, ina tausaya wa uban da ke tsaye gefe kansa a ƙasa. Na buɗe baki, "a'a" har ta hau harshena.

Manet ya ɗaga hannu. "Pari, sau ɗaya zan tambaya, gawayi ya yi tsada."

Na ce a kafa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Faranti ɗari uku da wani abu. Ni na tsaya a bakin titi da kwali, rana ta gasa ni fiye da kajin. Duk wanda na taɓa kai wa ambulan a biki ko mutuwa ya zo da nasa, Nana na zaune tana tuna wa kowa abin da ya haɗa mu. Yaran otal sun sayi ashirin. Madam Holbruk ta sayi biyu, ta ci barkonon Nana, hawaye na zuba tana cewa da daɗi.

Mahaifin Benita ya zo, wanda ya rantse ba zai ƙara yi mini magana ba. Bai yi ba kuwa. Ya sa mini ambulan a aljihun riga ya koma motarsa.

Talata, 22 ga Oktoba

Ofishin kuɗin yara, ni da Benita. Na ba su sunan sabon kamfani. Suka ce abin da na ba ta a hannu ba ya cikin lissafinsu sai in ta shaida. Ta buɗe jaka ta zaro ambulan uku, kowanne da kwanan wata a bayansa, ta sa hannu. A waje ta ce, "Ba don kai na yi ba." Na ce na sani.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ofishin likita sun sake aika takardun. Inshora sun ce suna dubawa. Duk ƙarar waya sai in zabura in ɗauka.

Talata, 29 ga Oktoba

Shiru. Pulan ba ta iya gama jimla sai ta tsaya ta numfasa. Da na je ranar Litinin ɗin nan da na zauna a mota, da yanzu an amsa. Kwana uku na zubar don kada yara masu shan taba su yi mini dariya.

Na kira inshora sau huɗu yau. Matar ta gane muryata. Ban ce mata kada in dame ta ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An amince. Na zauna a kan buhun siminti.

Talata, 5 ga Nuwamba

Manila. Gobe da safe za a shiga da ita. Sun ba mu takarda mai jerin abubuwan da ka iya faruwa, Benita ta karanta duka, ni na tsaya a layi na uku.

Na zauna a bakin gadon na ce, "Pulan, za mu yi yarjejeniya. Mutanen nan sau ɗaya suke tambaya. In yana ciwo ki ce yana ciwo, tun a ta farko."

Ta ce, "Nana ta ce rashin kunya ne."

Na ce Nana ta janye.

Ta ɗan yi tunani ta ce, "Kai ma za ka yi?"

Na ce ta kwanta ta huta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Awa huɗu da minti goma. Ban zauna ba. Likita ya fito ya ce an toshe.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta farka sosai da hantsi. Robobi ta ko'ina, amma leɓenta ja, tun da aka haife ta ban taɓa ganinsa haka ba. Nas ta shigo da allo a hannu, tana tafiya tana tambaya, yana ciwo? Ƙafarta ɗaya ta riga ta juya za ta wuce. Na riƙe ƙarfen gado.

Pulan ta kalle ni. Sannan ta ce, "Eh. Yana ciwo sosai."

Nas ta ajiye allon ta tafi ɗauko allura. Ni kuwa na juya ina duba soket ɗin bango, wanda ya yi wayarin ɗin nan bai iya aiki ba, na daɗe ina dubawa.

Da rana Benita ta sauka ƙasa ta dawo da shinkafa da kaza a leda. Guda ɗaya ta sayo. Ta buɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Za ka ci?"

Na ce zan ci.

Ta tsaya da cokali a hannu. Pulan da muka zaci barci take ta ce a hankali, "Mama, bai ce ya ƙoshi ba."

Ba wani abu ba ne, tun jiya da safe ban sa komai a cikina ba. Benita ta raba shinkafar a kan murfin, ta turo mini ɓangaren da ya fi yawa. Na cinye.